Sallamar da Baba Ke Yi da Totur

Assalamu alaikum Goggo Bara'atu. Don girman Allah ki taimake ni da shawara, kuma ki taimake ni da wuri, domin motar da zan ba ki labarinta tana gab da fitowa daga wurin gyara, ni kuwa na ɗaukar wa kaina alkawari ba za ta koma gidanmu a ci gaba yadda aka saba ba. Ki yi haƙuri idan kika ga ina ta zagaye, kaina ne a cike. Sunayen da zan ambata duk na aro ne.

Ni malamar makaranta ce a nan Sakkwato, da aurena da yarana, kuma ni ce ɗiyar fari a gidanmu da ke Ƙofar Taramniya. Babanmu tsohon direban gwamnati ne. Ya kusa shekara arba'in a kan sitiyari, ya yi Kaduna, ya yi Legas, ya yi ƙauyukan da ko hanyar kirki babu, kuma har ya yi ritaya bai taɓa ko kwarzanar motar da aka ba shi ba. Wannan shi ne abin alfaharinsa a duniya. Bai tara dukiya ba, bai yi boko mai zurfi ba, amma in ana hirar tuƙi a ƙofar masallaci kowa shiru yake yi ya saurare shi. Da ya bar aiki sai ya sayi wata tsohuwar Fijo, ya fasa katangar gida ya sa get, ya yi mata rumfa a tsakar gida kusa da dogon yaro.

Baba yana da wata ɗabi'a wadda tun ina ƙarama na tashi na same shi da ita. In ya dawo gida, tun zamanin motar aiki da yake ajiyewa a ƙofar gida, zai taka kuloc, ya mayar da giya firi, sannan ya taka totur injin ya yi ruri, ya sake, ya ƙara takawa, sai ya murɗa makulli tun ƙarar ba ta gama sauka ba. Shi wannan yake kira sallama. A wurinsa motar da ta wuni tana ɗauke da kai ba a kashe ta haka kawai ba sallama. In an matsa masa da tambaya sai ya ce ai don mai ya cika kafireta ne, da safe ta tashi bugu ɗaya ba sai an nemo masu turi ba. Duk layinmu an san wannan ƙarar. Muna yara in mun ji ta, mai wasa a ƙasa ya miƙe, wanda bai je makarantar allo ba ya nemi wurin ɓuya. Inna kuwa ko tana tsakiyar tuƙin tuwo za ta ajiye muciya, ta ɗebo ruwan randa a kwanon sha ta fito. Kin san zafin garin nan. Ban taɓa ganin Baba ya shiga ɗaki ba tare da ya sha ruwan nan a tsaye a jikin mota ba.

Ƙannena maza biyu, Aminullahi da Gazali, shi ya koya musu tuƙi, kuma har yau Gazali yana yi wa motarsa sallama ko da a bakin banki ne, mutane na kallonsa. Ni bai koya mini ba. Ba wai don ni mace ce ba, a'a, alkunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da. Baba bai taɓa kiran sunana ba tun da aka haife ni. Ko muna zaune wuri ɗaya, in yana da magana da ni Inna yake faɗa wa, ita kuma ta juyo ta maimaita mini kamar ban ji ba. Ni ma ban iya haɗa ido da shi. A makarantar koyon tuƙi na koya, na sayi 'yar motata. Ranar da na fara shiga da ita gidanmu na yi fakin na kashe shiru, ina fitowa na ji yana ce wa Inna, "Ki hwaɗa ma waccan, ba a kashe mota awa fitila." Na yi dariya a lokacin, har cikin raina na ji daɗi, don ko ba komai ya kalli tuƙina.

To, Fijo dai ta tsufa har ta gaji, kayan gyaranta suka yi wuyar samu, ga shi gwiwar Baba ta hagu ta fara ciwo, taka kuloc ya zama wahala. Bara muka haɗu mu uku muka saya masa mota otomatik. Ni na dage a kan otomatik saboda gwiwar nan, kuma ban yi nadama ba, ko da yake yanzu Aminullahi yana ta jefa mini magana wai ni na jawo. Baba ya karɓa ya sa mana albarka, ya koyi giyarta a yini ɗaya, amma sallama tana nan daram. Zai shigo, ya sa giya a P ta ajiye mota, ya ba ta wuta, sannan ya kashe. Bakanikensa Bitrus, wanda suka fi shekara ashirin tare, ya gaya masa cewa wannan motar ba ta da kafireta, ba ta bukatar haka. Baba ya ce ya ji, washegari ya yi abinsa.

Abin ma ƙaruwa ya yi. A 'yan shekarun nan, tun kafin a sayar da Fijo, sallamar ta ƙara tsawo ta ƙara ƙarfi. Da can taɓawa yake yi, yanzu sai ya danne totur kamar zai fasa injin. Maƙwabcinmu da matarsa ta haihu har ya yi wa Gazali ƙorafi cikin ladabi, wai jaririn firgita yake yi. Ni dai na ɗauka rigimar tsufa ce, don ita ma Inna ta tsiro da tata. Kunnenta ya yi nauyi, sai an ɗaga murya take ji, in ka ce a je asibiti ta ce ita lafiyarta lau, mu ne muke magana ƙasa-ƙasa. Sannan ta bar ƙofar ɗakinta inda ta saba zama shekara da shekaru, ta kwashe kujerarta 'yar tsuguno da tabarma ta dawo gindin dogon yaro, daidai inda hancin mota ke tsayawa. Har randar sai da ta sa aka ɗauko aka girke mata a wurin. Na yi magana na gaji. Ta ce nan ne iska.

Da azumin bana aka fara samun matsala. Baba ya shigo, ya tsaya, motar ta ɗan zabura ta bugi bokitin wanki. Aka yi dariya, aka ce azumi ne, magana ta wuce. Ni ban yi dariya ba.

Makon jiya kuwa Allah ne kawai ya tsare. Ya dawo daga ɗaurin aure wajen la'asar, ya shigo ya tsaya ƙafarsa a kan birki. Wani ya leƙo ta get yana gaishe shi, ya juya ya amsa. Da ya juyo, ƙafar nan da ta saba ta tashi daga birki ta sauka a kan totur, alhali giya tana D ta tafiya, bai mayar da ita P ba. Goggo, motar tsalle ta yi. Ta murƙushe kujerar Inna, ta tarwatsa randa, ta je ta daki bangon madafa har ya tsage. Inna ba ta fi taku kaɗan da wurin ba, tashinta ke nan ta ɗauki buta za ta yi alwala. Da kiran salla ya ɗan yi jinkiri, yau da wata wasiƙar nake rubutawa, ko ma ba na iya rubuta komai. 

Gazali ne ya kira ni. Da na iso na tarar Inna ta share fasasshiyar randar da kanta, tana ta gargaɗin kada wanda ya kai maganar waje, kamar maƙwabta ba su da kunnuwa. Baba yana zaune a kan dakali ya zuba wa guntayen kujerar ido. Abin da kawai ya ce shi ne, "Wagga mota ba ta da tarbiyya." Ya dage cewa ya sa ta a P, ita ce ta zame da kanta. Bitrus ya zo ya ja ta, ya duba giya ya duba birki, bai ga komai ba. A gaban Baba cewa ya yi zai ƙara dubawa. Ni ya kira gefe ya gaya mini gaskiya, ya ce motar lafiyarta ƙalau, amma shi bakinsa ba zai iya faɗa wa Baba haka ba.

Tun ranar gidanmu ya zama wani iri. Baba ba ya cin abinci sosai, ya daina zama hira a ƙofar masallaci. Da ƙafa yake zuwa salla ya dawo ya shige ɗaki shiru, sai dai Inna ta ga takalmansa a bakin ƙofa ta san ya dawo. Ita kuma ta samo wata kujerar ta koma gindin dogon yaron nan, wurin da motar ta tattake, ta ce, "Nan ni ka zama, ba inda za ni." Wallahi ranar har kuka na yi don haushi.

Mun zauna mu uku, taron ya watse ba a cimma komai ba. Aminullahi yana so a haɗa baki da Bitrus a ce wa Baba giyar ta lalace, kayanta sai an yi oda daga waje, a yi ta ja masa rai har ya haƙura. Gazali kuma ya ce mu ji tsoron Allah, mutumin da ya yi shekara arba'in bai kwarzani mota ba, don kuskure ɗaya za a mayar da shi yaro? Shi a ganinsa a tilasta wa Inna ta tashi daga wurin, shi ke nan. Na ce masa kuskure biyu ne, ba ɗaya ba. Kuma in an ta da Inna, jikokin da ke guje-guje a tsakar gidan nan duk ranar Juma'a fa, su ma ɗaure su za a yi? Mijina ya ce maganar gidanmu ce, duk abin da na yanke yana bayana.

Ni dai na riga na yanke. Ba zan yi wa mahaifina ƙarya ba, kuma ba zan zauna in jira karo na uku ba. Na ce wa Bitrus in an gama gyaran gaban motar ni zai kawo wa makulli, ba Baba ba. Niyyata in je in durƙusa a gabansa in ce ya haƙura da tuƙi, duk inda za shi ni zan kai shi. Amma Goggo, mutumin da ban taɓa haɗa ido da shi ba, wanda bai taɓa kiran sunana ba, ta ina zan fara? Maganar farko da za ta taɓa shiga tsakanina da shi kai tsaye ita ce in raba shi da abu ɗaya da yake taƙama da shi? Ina tsoron ya yi fushi da ni, na fi tsoron ya yi shiru ya karye. Amma tsoron da ya fi duka shi ne in ga Inna a ƙarƙashin mota. Ba ja da baya zan yi ba, hanya nake nema. Ki nuna mini ita.

Taki,
Ɗiyar Direba, Sakkwato

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Da farko ina taya ku godiya ga Allah da ya tsare Inna, ya kuma tsare Baba daga abin da da zai bi shi har kabari. Na ji daɗin yadda kika tsaya da ƙafarki. Makullin nan kada ki sake shi. Kin yi daidai, kuma ba rashin biyayya ba ne.

Bari mu fara da motar, don a rufe wannan babin. Abin da Baba yake yi ba shi ya ƙirƙiro shi ba, direbobin zamaninsa da yawa haka aka koya musu, saboda motocin zamanin da masu kafireta sukan yi gardama da safe. Motocin yanzu su ke auna wa kansu man da suke bukata, don haka ba su wuta kafin a kashe ba ya ƙara musu komai sai ƙona mai da wahalar da inji. A mota otomatik kuwa abin ya wuce asara ya zama haɗari, domin babu kuloc da zai raba injin da taya in an manta giya. Yadda ya dace shi ne direba ya tsaya cak, ƙafarsa ta zauna a kan birki, ya ja birkin hannu, ya sa giya a P, ya kashe esi mai sanyaya mota da fitilu, ya kashe mota, sannan ne zai ɗaga ƙafa. Totur ba shi da aiki ko kaɗan a wannan lokacin. Ki gaya wa Gazali ma ya bari tun ƙafarsa ba ta tsufa da abin ba.

Ƙannenki kowa yana da rabin gaskiya. Aminullahi ya gane cewa ba za a mayar da mota a yi kamar ba abin da ya faru ba, amma dabararsa ba za ta yi ba. Tsohon direba kuke so ku yaudara da zancen giya? Cikin mako guda zai gano, kuma ranar da ya gano cewa 'ya'yansa da bakanikensa sun haɗa masa baki, ciwon zai fi na karɓe makulli. Gazali kuma ya yi gaskiya da ya ce mutuncin Baba abin kiyayewa ne. Inda ya kuskure shi ne, shekara arba'in ɗin da yake kafa hujja da su, su ne matsalar. Abin da ƙafa ta yi shekara arba'in tana yi ba ta neman izinin kai kafin ta yi shi. Kuma ki sani, da Baba ya ce motar ce ba ta da tarbiyya, ya san abin da ya faru sarai. Mutumin da ya yarda laifin mota ne ba ya daina cin abinci.

Yanzu ga abin da nake so ki natsu ki karanta, domin a cikin wasiƙarki na tsince shi, ke kika rubuta shi da hannunki ba ki lura ba. Kin ce sallamar Baba ta ƙara ƙarfi a 'yan shekarun nan. Kin ce a 'yan shekarun nan ne kunnen Inna ya yi nauyi. Kin ce ta kwashe kujera da randa ta dawo daidai hancin mota, wai nan ne iska. 'Yata, ba iska take nema ba. Matsowa ta yi don ta ji dawowarsa, shi kuma yana ƙara danna totur don ta ji. Wataƙila da can don kafireta yake yi, amma an daɗe da wuce nan. Wannan sallamar ba mota ake yi wa ba, Inna ake yi wa, ita kuma da kwanon ruwa take amsawa. Irin mutanenmu na da ba sa faɗin irin wannan da baki, ko kin tambaye su musu za su yi. Shi ya sa Bitrus ya yi bayanin inji har ya gaji ba a ji ba, shi ya sa kuma Inna ta koma wurin da ta kusa rasa ranta ta zauna. Jiran ƙarar take yi.

Saboda haka kada ki fara da Baba, ki fara da Inna. Ki same ta ku biyu, ki zauna kusa da kunnenta, ki gaya mata abin da Bitrus ya gaya miki. Kada ki ce mata ta tashi don tsoron ranta, kin ga wannan bai yi aiki ba. Ki ce mata in wani abu ya same ta a ƙarƙashin motar nan, Baba ne zai rayu da shi. Wannan za ta ji shi. Sannan ki kai ta wurin likitan kunne ko tana so ko tana ƙi. Wani lokaci dauɗa ce kawai ta toshe a wanke, wani lokaci kuma a ba ta ɗan abin sawa a kunne mai ƙara ji. In kunnen ya buɗe, rabin rigimar gidanku ta ƙare.

Maganar Baba kuma, ban ga dalilin da zai sa ki fasa alkunyar da kuka rayu a kanta ba. Hanyar da maganarsa take bi ta iso gare ki tun kina yarinya, ita taki za ta bi ta isa gare shi. Ki je ki durƙusa kamar yadda kika yi niyya, Inna tana zaune, ki yi magana da Inna shi yana ji. Ba a gaban ƙannenki ba, ba a gaban jikoki ba. Ki faɗi gaskiya a taƙaice, cewa an duba mota lafiyarta lau, makulli yana hannunki, kuma hankalinki bai kwanta ba tun ranar. Kada ki ce ya tsufa, kada ki kawo zancen bokitin azumi, kada ki yi dogon wa'azi. Mai yiwuwa ya yi fushi, mai yiwuwa ya tashi ya bar muku wurin. Ki jure. Fushin uba a kan irin wannan yana wucewa, kuma ina kyautata zaton a ransa zai ji sauƙi an sauke masa kayan da ya kasa saukewa da kansa.

Inda zan ɗan saɓa miki shi ne cewa ya bar tuƙi kwata-kwata daga yau. Kada ki yanke wannan hukuncin ke kaɗai, kuma kada ki yanke shi cikin firgici. Ki roƙe shi a je a duba idonsa da jininsa da sukari, a ji ta bakin likita. In an ce lafiya, Bitrus ya fita da shi wani fili da ba mutane, su yi ta tsayawa da kashewa ba tare da taɓa totur ba, har a ga ko ƙafar za ta karɓi sabon karatu. Direba ne, in aka ce masa gwaji ne irin na aiki zai fi karɓa fiye da a ce masa an hana shi. Kafin nan motar ta zauna a gidanki. In kuma ta dawo, kada ta ƙara shiga tsakar gida da hancinta a kan mutane. A samo mata wuri a waje, ko a gina tudun kankare mai ƙarfi a gaban inda tayoyinta ke tsayawa, a kuma raba wurin da wurin zaman Inna da wasan yara. Wannan aikin ki ɗora wa Aminullahi da Gazali, su ma su sami abin yi ban da gardama.

In kuwa likita ya ce a'a, ko aka gwada ƙafar ta ƙi, to sai ki tsaya a kan bakanki, ba sassauci. A nan ne tayinki na tuƙa shi zai yi amfani, ku raba kwanakin da ƙannenki don kada ki gaji ki fara saɓa alkawari. Ki sa shi a gaba, ba a baya ba. Ki bar shi ya gyara miki tuƙi, ya ce kin cika taka birki, ya nuna miki hanyar da kin riga kin sani. Mutumin da ya kalli fakin ɗinki ranar farko har ya aiko miki da gyara ta bakin Inna, yana da sauran abin da yake so ya koya miki.

Abu na ƙarshe, kuma shi za ki fara yi tun gobe. Abin da ya fi taɓa ni a wasiƙarki ba bangon da ya tsage ba ne, takalman nan ne da Inna take gani a bakin ƙofa. Mutum ya yi shekara arba'in ana tarbarsa, yanzu yana shigowa gidansa kamar baƙon da bai son a gan shi. Ki je kasuwa ki sayo sabuwar randa, ki girke ta a ƙofar ɗakin Inna inda take tun asali, ki mayar da kujerarta can ta fuskanci get. In ba ta ji shigowarsa ba za ta gani. Shi kuma ki sa Inna ta gaya masa, cikin irin zolayarsu ta tsofaffi, cewa ta gaji da sallamar inji, ya tako har gabanta ya yi mata da bakinsa. Ko da mota ko ba mota, kada a bar shi ya ƙara dawowa gida bai sha ruwan nan a tsaye ba.

Allah ya ƙara wa Baba da Inna lafiya da nisan kwana, ya sanyaya zuciyarsa a kanki, ya ba ki ladan wannan tsayuwa da kika yi. Ki riƙe makullin da kyau, ki je ki sayo randar.

Goggo Bara'atu